Ƙwaya ɗaya ga ido, ga kai, ga hawan dutse: me Diamox yake yi a jiki?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a kan mahaifinta, dattijo mai shekara 60 da 'yan kai. An auna idonsa aka ce yana da hawan jinin ido, wato gulakoma, aka ba shi maganin ɗigawa, aka haɗa masa da ƙwayar Diamox. Tun da ya fara sha yake zaryar bayi, yatsunsa da leɓɓansa suna masa kamar kiyashi na yawo, lemon kwalba ya daina yi masa daɗi, ga kasala. Abin da ya ƙara ɗaure mata kai, wata ƙawarta mai fama da ciwon kai ita ma Diamox ɗin aka rubuta mata, kuma ta ji an ce masu hawan dutsen Kilimanjaro suna shan sa. Tana son sanin wane irin magani ne wannan mai shiga ko'ina, kuma Baba ya ci gaba da sha ko ya bari.

Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Bari in fara da mai gaggawa. Kada ya ajiye maganin da ra'ayin kansa, domin ganin da gulakoma ta ci ba ya dawowa, kuma likita ba ya haɗa wa mutum wannan ƙwaya sai ya ga matsin idon ya yi sama sosai. Amma kada kuma ya yi ta sayen ta a kemis wata da watanni don an taɓa rubuta masa. A koma wurin likitan a cikin satin nan, a faɗa masa duk abin da kika faɗa mini. Abubuwan da kika lissafa sanannu ne, ba alamar an yi kuskuren magani ba ne, kuma dukkansu tushensu ɗaya.

Tushen wani sinadari ne da jiki ke ƙerawa, daga cikin waɗanda ake kira enzayim, masu hanzarta ayyukan da in an bar su da kansu za su yi nawa. Sunan wannan kabonik anhaidires. Aikinsa guda ne: ya haɗa iskar kabon dayoksaid da ruwa, su zama baikabonet da asid, ko ya mai da su baya su koma iska da ruwa. Wannan haɗuwa tana faruwa ko babu shi, sai dai a hankali ƙwarai. Shi kuwa ɗaya tak daga nau'insa mafi sauri yana iya juya ƙwayoyin iskar kusan miliyan 1 a cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ya sa yake sahun gaba a sauri cikin duk enzayim ɗin da aka sani. Dalilin wannan gaggawa yana cikin numfashi. Mafi yawan kabon dayoksaid da naman jiki ke fitarwa, kusan kashi 70 cikin 100, a matsayin baikabonet yake tafiya cikin jini. Idan jinin ya iso huhu, ƙasa da daƙiƙa ɗaya yake da ita ya sauke kayansa ya wuce. Ba don wannan enzayim ba, da ba za a gama saukewa ba.

Shi baikabonet kin san ɗan'uwansa a kicin. Kanwar da ake jefawa a miyar yakuwa don kashe tsami, akwai shi a cikinta. To a jini ma aikinsa ke nan, shi ne kanwar da ke hana jini tsami. Ki riƙe wannan, domin rabin labarin Diamox a nan yake.

A 1933 ne masu bincike biyu, Meldrum da Roughton, suka fitar da enzayim ɗin daga jajayen ƙwayoyin jini a Kambirij ta Ingila. Bayan 'yan shekaru Keilin da Mann suka nuna cewa a tsakiyarsa akwai ƙwayar zarrar zink guda ɗaya, kuma a kanta aikin yake gudana. Maganin kuwa da gefe ya shigo. A shekarun 1930 ana ba marasa lafiya salfanilamaid don kashe ƙwayoyin cuta, sai likitoci suka lura cewa jinin masu shan sa yana tsami, fitsarinsu kuma yana cika da baikabonet. A 1940 Mann da Keilin suka gano dalili: maganin yana toshe enzayim ɗin. Wani ɓangare na maganin yana maƙalewa a kan zink ɗin nan, ya tare gurbin da ruwa zai zauna, aiki ya tsaya. A 1949 wani likita a Amurka, William Schwartz, ya gwada shi ga masu ciwon zuciya da jikinsu ya kumbura, ya ga suna fitar da gishiri da ruwa. Sai masana haɗa magunguna na kamfanin American Cyanamid, Roblin da Clapp, suka ƙera wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba a 1950. Shi ne asetazolamaid, wanda aka sa wa suna Diamox. Da farko maganin sa fitsari ne kawai. A 1954 Bernard Becker ya nuna cewa yana sauke matsin ido, daga nan likitocin ido suka karɓe shi hannu bibbiyu. A neman wanda zai fi shi sa fitsari ne ma aka faɗa kan dangin tayazaid a ƙarshen shekarun 1950, irin wanda ke cikin Moduretic da tsofaffinmu ke sha don hawan jini.

Yanzu mu shiga idon Baba. A bayan baƙin ido akwai wani nama mai kama da zobe, wanda dare da rana yake tsattsafo da wani ruwa garai-garai. Ba hawaye ba ne, a cikin ido yake. Yana ciyar da gaban ido, sannan ya tsiyaye ta wata 'yar matata a kusurwar da baƙin ido ya haɗu da fari. Idan matatar ta cushe, ruwan ya taru, matsi ya hau, jijiyar gani ta riƙa mutuwa zare-zare, daga gefe zuwa tsakiya. A yawancin mutane matsin yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Don naman nan ya yi ruwan, sai ya tura baikabonet da sodiyam cikin ido, ruwa ya bi su. Kabonik anhaidires ne ke samar da baikabonet ɗin. In an toshe shi, ruwan da ake yi yana iya raguwa da kusan rabi, matsi ya sauka cikin 'yan awoyi. Lura da kyau, maganin bai taɓa matatar ba. Ya rage shigowa ne, mafitar tana nan a cushe. Ranar da aka daina sha, matsi zai koma inda yake.

Matsalar ita ce ƙwayar da Baba ya haɗiya ba ta san hanyar ido ita kaɗai ba. A jikin ɗan'adam akwai nau'o'in wannan enzayim har 15, 12 daga ciki suna aiki, kuma suna ƙoda, da ƙwaƙwalwa, da ciki, da harshe, da ƙashi, da jini. Gurbin zink ɗinsu kusan iri ɗaya ne, don haka Diamox yana shiga kusan dukkansu.

A ƙoda, jini yana tacewa, baikabonet ya fita tare da ruwan da aka tace, sai ƙodar ta dawo da kusan dukkansa, mafi yawa tun a farkon bututunta, da taimakon enzayim ɗin. Diamox ya hana dawowar. Baikabonet ya tafi cikin fitsari, ya ja sodiyam da fotasiyam da ruwa. Zaryar bayin ke nan. Albishir ɗaya, ba ta ɗorewa da ƙarfinta. Bayan 'yan kwanaki baikabonet ɗin jini ya ragu, babu mai yawa da za a zubar, fitsarin ya lafa. Wannan ne ya sa maganin bai yi kasuwa a matsayin mai sa fitsari ba. Amma kin ga abin da ya rage: jini ya rasa wani kaso na kanwarsa, ya ɗan yi tsami. Kasala, da rashin son abinci, da ramewa, da baƙin rai marar dalili, da raguwar sha'awa ga maza, duk a wannan layi suke, kuma su ne suka fi sa mutane su gaji da ƙwayar. Dattijo ba zai ce miki ransa a ɓace yake ba. Za dai ki ga ya rage fita majalisa, tuwo yana saura a kwano. Iyali da yawa tsufa suke ɗora wa laifin.

Kiyashin da yake ji a yatsu da leɓe masu shan maganin da yawa suna ɗanɗana shi. Yana da damuwa amma ba shi da hatsari, kuma yana tafiya in an rage ko an daina. Na lemon kwalba kuwa abin sha'awa ne. A kan harshe akwai wani nau'in enzayim ɗin da ke juya iskar da ke cikin lemon ta zama asid, wannan ɗan tsamin ne muke ji a matsayin kaifin gas. In an toshe shi, lemon ya zama salam, wani lokaci har da ɗanɗanon ƙarfe. Ni in maras lafiya ya ce mini lemo ya lalace, na tabbatar yana shan maganinsa.

Wataƙila ki ce, tunda enzayim ɗin ne ke taimakon numfashi, me ya sa maganin bai shaƙe mutum ba? Domin jiki ya tara shi fiye da buƙata, musamman a jajayen ƙwayoyin jini. Sai an toshe sama da kashi 99 cikin 100 a wata gaɓa kafin a ga aikinta ya canza. Awon da ake bayarwa yana kaiwa haka a ido da ƙoda, amma ɗan abin da ya tsira a jini ya isa ya riƙe numfashin mai lafiyar huhu. Wanda huhunsa ya riga ya lalace sosai, lissafinsa daban ne.

Ga waɗanda nake so ki sa wa ido. Na farko tsakuwar ƙoda. Maganin yana canza fitsari ta yadda kalsiyam ke saurin dunƙulewa, ga zafin ƙasarmu da ƙarancin shan ruwa. Ciwo mai tsanani a kwiɓi, ko jini a fitsari, a tafi asibiti. Kuma kada wani ya ce tunda jini ya yi tsami bari a sha kanwa ko bekin soda a gyara. Haɗa su da Diamox yana ƙara haɗarin tsakuwar, gishirin cikinsu kuma ya tayar da hawan jini. Na biyu fotasiyam, wanda ke iya faɗuwa ƙasa in Baba yana shan Lasix ko wani maganin hawan jini mai sa fitsari. Gwajin jini mai sauƙi ne ke nuna shi. Na uku, mai ciwon hanta da ya yi nisa, irin wanda cikinsa ya fara tara ruwa, ba a ba shi wannan magani, domin yana hana amoniya fita, ta hau kai, mutum ya rikice ko ya suma. Haka mai ciwon ƙoda, tunda ta ƙoda maganin ke fita, in ba ta aiki sai ya taru. Asfirin mai yawa ma ba ya jituwa da shi, kuma garin maganin ciwon jikin nan da ake sayarwa a 'yar takarda a bakin tasha, da yawansu asfirin ne. Na ƙarshe ba kasafai ake gani ba amma yana kisa: ƙuraje masu saɓule fata da baki da ido, ko ƙonewar ɓargo har jini ya ƙare. Zazzaɓi da ƙuraje, ko ciwon maƙogwaro da zubar jini ba dalili, a tsayar da ƙwayar nan take a nufi asibiti. Wanda Septrin ko Fansidar, magungunan dangin salfa kamar Diamox, ya taɓa saɓule wa fata ya faɗa wa likita tun kafin a ɗauki biro.

Akwai guda da littattafan Turai ke ambata a layi ɗaya su wuce, mu kuwa ba mu da damar wucewa: sikila. Tsamin jini da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da ke lanƙwasa jan ƙwayar jinin mai sikila, kuma Diamox yana kawo duka biyun. Inda abin ya fi fitowa shi ne yaron da aka buga wa ƙwallo ko dutsen gwafa a ido, jini ya kwanta a gaban baƙin idon, matsi ya hau. Hannun likita yakan nufi Diamox. Amma in yaron yana da sikila, maganin zai ƙara lanƙwasa ƙwayoyin jinin da ke cikin idon, su kuma su ƙara cushe matatar, a jijiyar da dama ba ta jure matsi kamar ta sauran mutane. A wannan hali ko mai AS, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba, yana cikin haɗarin, kuma a Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne. Shi ya sa likitan ido mai lura yake neman gwajin jinin kafin ya rubuta, ya fara da wasu magungunan, in ta kama dole ya fi karkata ga ɗan'uwansa metazolamaid, wanda bai kai Diamox tsamar da jini ba. In a gidanku akwai sikila, ki ambata, ko ba a tambaye ki ba.

Batun ƙawarki gajere ne. Ƙwaƙwalwa tana iyo cikin wani ruwa da wani nama ke yi ta hanya mai kama da ta ido. Akwai cutar da matsin wannan ruwa ke hawa ba tare da ƙari ko wani ciwo a kai ba, ta fi kama mata matasa masu jiki, da ciwon kai da dishi-dishin gani da ƙara a kunne. Wani babban gwaji da aka fitar a 2014 a Amurka ya nuna cewa asetazolamaid tare da rage ƙiba ya fi rage ƙiba kaɗai kare gani. Ba maganin kowane ciwon kai ba ne, kada ta ba wata.

Na masu hawan dutse ya fi ban mamaki, domin abin da ke damun Baba shi suke nema. A sama da mita 2,500 iskar shaƙa tana ƙaranci, mutum ya riƙa numfashi da sauri, ya fitar da kabon dayoksaid da yawa, tsamin jininsa ya ragu fiye da kima. Sai ƙwaƙwalwa ta ja wa numfashin birki, musamman cikin barci, alhali jiki na buƙatar iska. Ƙoda za ta gyara ta hanyar zubar da baikabonet, amma sai ta ɗauki kwanaki. Diamox yana sa ta yi da wuri. Miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa, shi ne awon da aka saba. Kilimanjaro mita 5,895 ne, dole a yi shiri. Mai zuwa Jos ba ya buƙata.

Ko a ciwon zuciya, inda ya fara aka ture shi, ya sake leƙowa. A 2022 wani gwaji a Beljiyam mai suna ADVOR, da marasa lafiya 519, ya ƙara allurarsa a kan maganin fitsarin da aka saba. Kashi 42 cikin 100 sun rabu da kumburi cikin kwana 3, a cikin waɗanda ba a ƙara wa ba kuwa kashi 30 da ɗoriya. Akwai kuma magungunan farfaɗiya irin tofiramet da suke taɓa enzayim ɗin kaɗan, shi ya sa su ma suke kawo kiyashin yatsu da tsakuwar ƙoda. Abin lura, tofiramet kan jawo wata gulakoma ta farat ɗaya a makonnin farko, don haka mai shan sa in ido ya yi ja da ciwo, ganin nesa ya dushe, kada ya kwana.

A ganina, duk tarihin wannan dangin magani ƙoƙari ne na kai shi inda ake so a hana shi zuwa inda ba a so. An ɗauki shekara 40 ana neman wanda za a ɗiga a ido. Saboda ƙa'idar nan ta kashi 99, ɗigon sai ya ratsa fatar gaban ido da yawan da zai kashe kusan duk enzayim ɗin, Diamox kuwa ba ya ratsawa. Mutane da yawa sun ce ba zai yiwu ba. Thomas Maren na Jami'ar Fulorida yana cikin waɗanda suka nace, har kamfanin Merck ya fito da dozolamaid, wato Trusopt, a tsakiyar shekarun 1990, birinzolamaid, wato Azopt, ya biyo baya a 1998. Ba su kai ƙwaya ƙarfi ba, amma sun raba mutane da yawancin wahalarta. Trusopt yana da raɗaɗi in ya shiga ido. Azopt fari ne kamar madara, sai an girgiza, yakan sa hazo na 'yan mintoci. Cosopt dozolamaid ne da timolol, wani maganin sauke matsin ido na daban, a kwalba ɗaya, sau biyu a rana, sai dai mai asma ko mai bugun zuciya a hankali ya yi nesa da timolol. In mutum yana shan ƙwayar, ƙara masa ɗigon danginta ba ya ƙara komai, enzayim ɗin ya riga ya toshe.

Yaƙin da ake yi yanzu a ɗakunan bincike shi ne samo maganin da zai zaɓi nau'i ɗaya cikin 15. Wanda aka fi hari shi ne na 9, wanda bai da yawa a lafiyayyen jiki amma yake yawaita a ƙarin cutar kansa da iska ba ta isa cikinsa, yana taimaka masa ya zubar da asid waje ya ci gaba da yaɗuwa. Akwai wani magani da ake kira SLC-0111 da ya kai matakin gwaji a jikin mutane. Har yanzu gwaji ne, duk wanda ya ce miki Diamox na maganin kansa, ki riƙe kuɗinki.

Ga Baba, ƙwayar nan ta ɗan lokaci ce, a sauke matsi kafin ɗigo ya kama, ko kafin aikin ido da hasken lesa, ko tiyata. Tambayoyin da za ki yi wa likita su ne: nawa matsin yake da farko, nawa yake yanzu, har yaushe za a sha ƙwayar, kuma me zai maye gurbinta. In za ta wuce 'yan makonni, a duba ƙoda da fotasiyam da yawan jini. In aka ce tiyata, kada tsoro ya sa a gudu, domin ga wanda kuɗin ɗigo na kowane wata zai gagara, sau da yawa ita ce mai riƙe ganin da ya rage.

Ɗacin da zai ji a maƙogwaro bayan ɗigo yana da magani. Ya rufe ido, ya danna lungun idon na wajen hanci da yatsa minti 2, hanyar da hawaye ke bi zuwa hanci ta toshe. Wannan yana da amfani da azumi, lokacin da dattawa da yawa ke ajiye ɗigo wata guda cur saboda wannan ɗacin. Hukuncin na malamai ne, amma mai sau biyu a rana ana iya sa shi da sahur da bayan shan ruwa. Ƙwayar Diamox kuwa da azumin bazara, a yi shawara da likita tun Sha'aban.

Ku 'ya'yansa kuma ku je a auna ku. Cutar tana bin jini, kuma binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, waɗanda suka san suna da ita kuwa ba su kai 6 cikin 100 na masu cutar ba. A auna matsi, a kuma leƙa jijiyar gani, domin awon gilashi kaɗai ba ya gano ta.